Ƙuma Mai Tsalle: Tarihin Ukulele da Waƙar "Mele Kalikimaka"

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, mutane da yawa a ƙasashe daban-daban sukan ɗauko wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, su jingina waya da kofin shayi, su buɗe bidiyon koyarwa, su yi ta fama da waƙa guda har yatsunsu su yi kanta. Sunan 'yar jitar ukulele. Waƙar kuwa ita ce "Mele Kalikimaka", waƙar bikin Kirsimeti ta tsibiran Hawayi da ke tsakiyar Tekun Fasifik. Malaman kiɗa suna son ba sababbin ɗalibai ita saboda ba ta da tsawo, tana da daɗin ji, kuma duk wanda ya dage zai iya kaɗa ta cikin mako biyu ko uku.

Ga wanda bai taɓa ganin ukulele ba, tsawon ƙaramarta bai wuce santimita 53 ba, wato ana iya rungume ta kamar jariri. Tsirkiyoyinta na leda ne a yau, ana kuma saita su da sautukan da ake kira G, C, E da A, daga sama zuwa ƙasa. Abin da ya bambanta ta da jita shi ne tsirkiyar sama. A jita, tsirkiyar sama ita ce mai kaurin murya. A ukulele kuwa siririyar murya gare ta, don haka ko ta sama aka shafo tsirkiyoyin ko ta ƙasa, da zaƙin murya ake farawa, da shi kuma ake ƙarewa. Daga nan ta samo amonta mai kama da dariya.

Sauƙinta ga ɗan koyo yana hannun hagu. A wuyanta akwai gaɓoɓi da aka raba da siraran ƙarafa, kuma kowane kamun yatsu a kan gaɓoɓin nan yana ba da tarin sauti na daban. Kamun C yatsa ɗaya yake bukata, a gaɓa ta uku ta tsirkiyar ƙasa. Haka C7 da A7, yatsa ɗaiɗai ne. F na cin yatsu biyu, G7 uku. Akwai ma wani gajeren kamun D7 mai yatsu biyu da makaɗa suka laƙaba wa sunan Hawayi. Wanda ya riƙe waɗannan shida ya riga ya mallaki kusan duk abin da waƙar take bukata. Sauran aikin na hannun dama ne, manuniya ta riƙa sauka da hawa a kan tsirkiyoyin ba tare da ta sarƙe ba, sai kuma a koyi sauya kamu ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba. A nan ne yawancin masu koyo suke yin fushi su ajiye ta kwana biyu.

To, ni abin da ya ja hankalina ya wuce kamun yatsu. Kowa ya ɗauka ukulele kayan gado ne na mutanen Hawayi, waƙar kuma da harshensu aka yi ta. Da mutum ya bi sawu sai ya tarar da labari ya sha bamban, kuma cikinsa akwai leburorin rake, da sarautar da aka ƙwace, da harshen da aka kora daga aji.

Mafarin labarin yana gefenmu na duniya. Madeira tsibiri ne na ƙasar Fotugal a Tekun Atlantika, yamma da gaɓar Maroko. Arzikin mutanensa ya dogara da inabi da giyar da ake yi da shi. A shekarun 1850 wata cuta ta faɗa wa kurangar inabin, ba a gama farfaɗowa ba sai wani ƙwaro mai cin saiwa ya shigo a shekarun 1870 ya ƙarasa abin da ya rage. Talauci ya yi katutu, samari suka fara neman inda za su sa kansu.

A can ɗaya gefen duniya kuma, masu gonakin rake na Hawayi suna kukan rashin ma'aikata. Tun da Kyaftin James Cook na Ingila ya isa tsibiran a 1778, cututtukan da baƙi suka kawo, irin su ƙyanda da agana, suka yi ta lashe 'yan ƙasa. Mutanen da aka ƙiyasta sun kai dubu ɗari uku ko fiye a zamanin Cook, kafin ƙarshen ƙarni na 19 sun koma ƙasa da 40,000. Ga shi kuma a 1875 an ƙulla yarjejeniyar da ta ba sukarin Hawayi damar shiga Amurka ba haraji, kasuwa ta buɗe, gonaki suka faɗaɗa. Aka ɗebo leburori daga Sin, daga baya aka ɗebo daga Japan da Filifin. Tsakanin nan ne aka tura wakilai Madeira.

A watan Agusta na 1879 wani jirgin ruwa na Ingila mai suna Ravenscrag ya tsaya a tashar Honolulu ɗauke da mutanen Madeira sama da 400, bayan tafiyar wata huɗu da ta zagaya ta ƙarshen Kudancin Amurka. Cikin kayansu akwai wata 'yar jita ta gargajiyarsu mai tsirkiya huɗu da suke kira machete, da yayarta mai tsirkiya biyar, rajão. Ana ba da labarin cewa wani fasinja mai suna João Fernandes, da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sai ya karɓi machete ya hau kaɗawa don murnar an sauka lafiya. Ko hakan ta faru a ranar ko daga baya aka ƙawata labarin, tabbas ne cewa ba a yi mako biyu ba wata jaridar Honolulu ta ba da rahoton cewa baƙin Madeira suna faranta wa jama'a rai da kiɗa a tituna kowane dare.

Mutum uku daga cikin fasinjojin kafintoci ne: Manuel Nunes, da Augusto Dias, da José do Espírito Santo. Su ma gona aka kai su kamar kowa. Da wa'adin kwangilarsu ya cika sai suka dawo Honolulu suka koma sana'arsu ta katako, kuma kafin tsakiyar shekarun 1880 kowannensu yana sassaƙa kayan kiɗa. Abin da ya fito daga shagunansu haɗin gambiza ne: jiki da yawan tsirkiya na machete, saitin sauti kuma an aro shi daga rajão. Sai kuma katakon. Sun yi amfani da koa, itacen da ba ya tsiro a ko'ina sai Hawayi, wanda da shi kakannin 'yan ƙasa suke sassaƙa kwalekwale, kuma yana da daraja a wurin sarakuna. Ina ganin katakon nan ya taimaka ƙwarai wajen sa 'yan ƙasa su ji abin nasu ne.

Sunan ma su suka raɗa. A harshensu uku na nufin ƙuma, lele kuma tsalle, wato ƙuma mai tsalle, wai saboda yadda yatsun makaɗi suke tsalle-tsalle a wuyanta. Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon marigayi Ɗan Maraya Jos yana sarrafa kuntigi, wanda tsirkiyarsa ɗaya ce tal, ya san irin saurin yatsun da ake nufi.

Wanda ya ɗaga darajarta shi ne Sarki David Kalakaua, da ya hau gadon sarauta a 1874. Mutum ne mai son kiɗa da raha, kuma yana da manufa a ciki. 'Yan mishan da suka zo daga Amurka a 1820 sun ƙyamaci rawar hula ta gargajiya, har aka hana yin ta a bainar jama'a a 1830. Kalakaua ya dawo da ita fili, ya sa aka yi ta a bikin naɗa masa kambi a 1883 da bikin cikarsa shekara 50 a 1886. Ukulele ta shiga fada a zamaninsa, ta zama abokiyar sabon salon hula, Augusto Dias ma yakan je fadar Iolani ya yi wa sarki da baƙinsa kiɗa. Wannan fada, in mai karatu bai sani ba, ta samu wutar lantarki kafin fadar shugaban Amurka ta samu.

Sai dai ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafar sarkin. A 1887 attajiran Turawa mazauna ƙasar, da yawansu 'ya'ya da jikokin 'yan mishan ne, suka tilasta masa sa hannu a wani tsarin mulki da ya rage masa iko ya kuma hana talakawa da yawa jefa ƙuri'a. Ya rasu a 1891, ƙanwarsa Lili'uokalani ta gaje shi. Ita ma gwanar tsara waƙa ce, ita ta yi "Aloha 'Oe" da ta zagaya duniya. Da ta yi yunƙurin dawo da ikon sarauta, sai aka sauke sojojin ruwan Amurka 162 daga jirgin yaƙi mai suna Boston, washegari kuma, 17 ga Janairun 1893, wani gungun attajirai suka yi shelar kifar da ita. A 1895 aka tsare ta kusan wata takwas a ɗaki guda cikin fadarta. 'Yan ƙasa sama da 21,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da haɗe su da Amurka a 1897, duk da haka aka haɗe su a 1898.

Tsakanin waɗannan shekaru akwai wata doka da ba ta yi ƙarar bindiga ba amma ta fi yin ɓarna mai daɗewa. A 1896 sabuwar gwamnati ta kafa dokar cewa da Ingilishi za a riƙa koyarwa a makarantu. Ya kamata mai karatu ya san irin al'ummar da aka yi wa haka. Jaridar farko da harshen Hawayi ta fito a 1834, sama da shekara ɗari kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939. A ƙarni na 19 an buga jaridu da dama da harshen, kuma yawan masu iya karatu da rubutu a cikinsu ya kai na ƙasashen da suka fi kowa a lokacin. Bayan dokar, tsofaffi da yawa sun ba da labarin yadda ake dukansu a makaranta idan an ji su suna magana da harshen gida. Iyaye suka daina koya wa 'ya'yansu don kada su sha wahala. Wanda ya taɓa biyan tara a firamare saboda ya yi Hausa a aji zai gane ƙanshin abin, duk da cewa namu bai kai ko kusa da nasu ba.

Abin mamaki, a daidai lokacin da harshen yake shuɗewa ne kiɗan ya yi tashe. A 1915 aka yi gagarumin baje koli a San Francisco don murnar buɗe mashigin ruwa na Panama, mutane kusan miliyan 19 suka ziyarta. Gwamnatin yankin Hawayi ta gina rumfa ta musamman don tallata rake da abarba da yawon buɗe ido, ta zuba makaɗa a ciki suna kaɗa ukulele kullum. Amurkawa suka haukace a kanta. Masu tsara waƙoƙi a New York, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin Honolulu ba, suka yi ta fitar da waƙoƙin rairayin bakin teku da 'yan mata masu rawa, wasu ma da kalmomin bogi da aka ƙaga don su yi kama da harshen Hawayi. Kamfanin jita na Martin ya shiga ƙera ukulele, ta kuma riƙe shi sosai a shekarun 1920. Wasu masana'antun Amurka har tambarin ƙarya suke bugawa cewa a Hawayi aka yi kayansu, abin da ya sa maƙeran Honolulu suka ƙirƙiro nasu tambarin mai ɗauke da kalmar Tabu. A 1916 Samuel Kamaka ya buɗe shagonsa a Honolulu, wanda zuriyarsa ke riƙe da shi har yau. A shekarun 1950 gidan ya ɗauki kurame aiki, aka kuma gano sun ƙware wajen ƙwanƙwasa katako su ji girgizarsa da yatsu, su san ko kaurinsa ya yi daidai.

Irin waƙoƙin da aka yi da Ingilishi aka yafa musu ɗan gishirin Hawayi ana kiransu hapa haole, wato rabin Bature. A cikin wannan gida aka haifi "Mele Kalikimaka".

Wanda ya tsara ta, Robert Alexander Anderson, Bature ne haifaffen Honolulu. An haife shi a 1894, shekara guda bayan kifar da sarauniya, yana ɗan shekara biyu aka yi dokar makarantu. Ya karanci aikin injiniya a jami'ar Cornell, ya tuƙa jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka harbo shi suka kama shi, ya tsere. Da ya dawo gida ya zama babban ɗan kasuwa, waƙa kuwa abin sha'awa ce a gefe. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a 1949 wata mai buga takardu a ofishinsu ta tambaye shi dalilin da ya sa Hawayi ba ta da waƙar Kirsimeti tata ta kanta, sai fassarar waƙoƙin coci na Turawa. Ya koma gida ya tsara guda. Abokin wasan golf ɗinsa shi ne Bing Crosby, mawaƙin da ya fi kowa kasuwa a Amurka a lokacin, wanda waƙarsa ta "White Christmas" ta riga ta mamaye gidajen rediyo tun 1942. Crosby ya ji waƙar ta burge shi, ya ɗauke ta a faifai tare da 'yan uwan nan mata uku, Andrews Sisters, a kamfanin Decca a 1950. Saƙonta ba shi da wani nauyi: gaisuwar biki ce daga ƙasar da babu dusar ƙanƙara, sai rana da itatuwan kwakwa.

Shi kansa bikin baƙo ne a tsibiran. Kafin zuwan Turawa, wannan lokaci na shekara na Makahiki ne, biki na kusan wata huɗu da ake yi wa abin bautarsu Lono, ana karɓar haraji, ana wasannin kokawa da tsere, yaƙi kuma haramun ne. 'Yan mishan na farko ma ba su damu da Kirsimeti ba, domin ɗariƙarsu ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba. Sai a 1862 Sarki Kamehameha na Huɗu ya mayar da shi ranar hutu ta ƙasa.

Yanzu mu duba kalmomi biyun da suka zama sunan waƙar, domin su kaɗai ne harshen Hawayi ya samu a cikinta, sauran duk Ingilishi ne. Su ɗin ma gaisuwar Turawa ce, Merry Christmas, aka sa mata rigar gida. Harshen Hawayi yana da wasula biyar da baƙaƙe takwas kacal: h, k, l, m, n, p, w, da wani ɗan tsayawar maƙogwaro irin hamzarmu. Babu r, babu s. Baƙi biyu ba sa haɗuwa ba wasali a tsakani, kuma kowace gaɓa da wasali take ƙarewa. Saboda haka r ta koma l, aka samu Mele. A kalma ta biyu aka raba k da r da wasali, r ta zama l, s biyun suka zama k, kowacce aka bi ta da wasali, aka samu Ka-li-ki-ma-ka. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, don haka bakinmu ya yi da burodi da asibiti da sukudireba, da ita kanta Kirsimeti. An kuma yi dace, mele kalma ce ta asali a harshen, ma'anarta waƙa.

Ba na ganin laifin Anderson. An tambaye shi waƙa, ya yi mai daɗi, kuma mutanen Hawayi da kansu suna rera ta suna gaisawa da kalmomin har gobe. Amma akwai wata shekara da nake so mai karatu ya ajiye kusa da 1949. A 1948 jarida ta ƙarshe da ake bugawa da harshen Hawayi, Ka Hoku o Hawaii ta garin Hilo, ta rufe. Wato shekara guda bayan harshen ya rasa jaridarsa, sai duniya ta koyi kalmomi biyu da take zaton nasa ne, alhali aro ne daga harshen da ya kore shi.

Waƙar ta faɗo a kan gaɓa. A daidai wannan lokaci wani maƙerin jita ɗan asalin Italiya, Mario Maccaferri, ya fara zuba ukulele ta roba a Amurka, ana sayar da ita ƙasa da dala shida. Arthur Godfrey, mai shirin talabijin da miliyoyi ke kallo, ya yabe ta yana kuma koyar da kaɗawa a shirinsa. An sayar da kusan miliyan tara. A 1959 Hawayi ta zama jiha ta 50 ta Amurka, jiragen sama suka fara juye masu yawon buɗe ido a Waikiki. Daga nan kiɗan rock ya zo da jitar lantarki, ukulele ta koma abin wasan yara da na barkwanci, musamman bayan wani mai suna Tiny Tim ya yi suna da ita da siririyar murya a 1968.

A gida kuwa wani abu daban yake tsiro. A shekarun 1970 matasan Hawayi suka tashi neman harshensu da kiɗansu da ƙasarsu. A 1978 aka mayar da harshen na hukuma a jihar tare da Ingilishi. Lokacin ya kusa ƙurewa, domin a farkon shekarun 1980, in aka cire ƙaramin tsibirin Ni'ihau, yaran da ke jin harshen ba su kai 50 ba. A 1984 wasu malamai da iyaye suka buɗe makarantar reno ta farko da ake kira Punana Leo, wato sheƙar murya, inda ake haɗa ƙananan yara da tsofaffin da suka rage suna magana da harshen. Sai a 1986 aka gyara dokar da ta hana koyarwa da shi a makarantun gwamnati, bayan shekara 90. Yau akwai waɗanda suka yi karatu da shi tun daga reno har digiri.

Muryar da ta dawo wa ukulele da mutuncinta daga wannan zuriya ta fito. Israel Kamakawiwo'ole, ƙaton mutum wanda 'yar jitar kan ɓace a ƙirjinsa, mai fafutukar 'yancin mutanensa ne. Wani dare a 1988, wajen ƙarfe uku, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Honolulu ya rera "Over the Rainbow" haɗe da wata waƙar, shi da ukulele kaɗai, a ɗauka ɗaya. Ta fito a faifansa na 1993, shekarar da aka cika ɗari da kifar da sarauniya, kuma a shekarar ce Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a ƙudurin majalisa na neman afuwar 'yan asalin Hawayi kan rawar da Amurka ta taka. Afuwar ba ta dawo da ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Israel ya rasu a 1997 yana da shekara 38, aka ajiye gawarsa a ginin majalisar jiha cikin akwatin katakon koa, dubban mutane suka zo ban kwana. Anderson ya riga shi da shekara biyu, saura 'yan kwanaki ya cika 101.

A 2006 wani bidiyon Jake Shimabukuro, ɗan Honolulu jikan Japanawa, yana kaɗa wata waƙar George Harrison a wani lambu a New York, ya bazu a YouTube tun dandalin yana jariri. Daga nan koyon ukulele ya koma cikin waya, inda ɗan koyonmu na watan Disamba ya same shi. Idan ya kai ƙarshen baiti ya bi D7 zuwa G7 ya sauka a C, yana taka wata 'yar gada ce da makaɗan hula suke sawa tsakanin baiti da baiti tun tuni, don mai rawa ta numfasa.

Saura sunan. Amurkawa da Ingilawa "yukulele" suke cewa. A Hawayi kuwa kalmar da hamza take farawa, sai u, sauran gaɓoɓin kuma a faɗe su yadda aka rubuta. Bahaushe duk kalmar da ta fara da wasali da hamza yake buɗe ta, ko uku ce ko uwa. Don haka in ya karanta ukulele yadda idonsa ya gani, ya faɗe ta kusan yadda Sarki Kalakaua yake faɗa.